Na Yi Cinikin Biri a Sama

A ƙarshen watan Nuwamba na 2023 ina zaune a shago a Kantin Kwari, kasuwa ta yi sanyi bayan la'asar, sai saƙo ya shigo wayata daga wani kamfanin jirgin sama: rangwamen Black Friday, kwana uku kacal, ka saya yanzu ka yi tafiya baɗi. Garaɓasar asalinta ta Amurkawa ce, Juma'ar da ke bin bikinsu na godiya, amma yau har mu na Kano ana turo mana. Da ma ina da niyyar zuwa baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou ta ƙasar Chaina, kuma na san ana buɗe na bazara ranar 15 ga Afrilu. Na lissafa, na ga ƙaramar Sallah za ta faɗo wajen 10 ga watan, ke nan zan yi Sallah a gida sannan in tashi. Kafin a kira magariba na biya. Har na nuna wa maƙwabcina rasit ina yi masa dariya, wai shi ya tsaya jiran ejan.

Ku ƙannena masu tasowa a harkar nan, ga inda na zame. Baje kolin Canton kashi uku ne. Na farko, daga 15 zuwa 19 ga Afrilu, na kayan lantarki ne da injuna. Na biyu kayan gida. Yadi da tufafi da takalma, wato abin da ni nake nema, sai a kashi na uku, daga 1 zuwa 5 ga Mayu. Tikitina kuwa zai dawo da ni Kano tun kafin masu yadi su shimfiɗa hajarsu. Ban farga ba sai a Fabrairu, da wani dattijo da ya daɗe yana zuwa ya dubi takardar ya ce, "Alhaji ƙarami, janareto za ka fara sayarwa ne?"

Na ce ai abu mai sauƙi ne, a ɗaga ranar. A nan na fahimci abin da na saya.

Kujerun talakawa a jirgi ɗaya suke a ido, amma a wajen kamfani aji-aji ne, kowane aji da harafinsa da sharuɗansa. Kai da wanda ke gefenku abinci ɗaya za a ba ku, amma shi ya biya kuɗin 'yancin sauya ra'ayi, kai ka sayar da naka. Rangwamen da aka yi maka shi ne kuɗin wannan 'yancin. Kamfani ya karɓi kuɗinka wata biyar kafin tafiya, ya cike kujerun da yake tsoron za su tashi babu kowa, kai kuma ka ɗauki alkawarin cewa babu abin da zai canza a rayuwarka har zuwa ranar. Wane ɗan Adam ne zai iya wannan alkawari? Rashin lafiya, rasuwa, biza da ta maƙale, kuɗin kaya da bai haɗu ba.

Da za a sauya mini rana, abu biyu aka ce in biya: tarar sauyi, da kuma bambancin farashi tsakanin ajina da ajin da ya rage a sabuwar ranar. Na biyun ne mai yanka. Kujerun araha na makon Mayu sun ƙare tuntuni. Sannan farashin a dala ake yanka shi, a juya shi zuwa naira a kan canjin ranar da za ka biya. Lokacin da na saya dala tana wajen naira 800 a hukumance. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Da ejan ya gama danna kwamfuta, abin da zan ƙara ya kusa kamo abin da na biya tun farko. Shi ne fa ejan ɗin da na raina maƙwabcina a kan jiransa.

Kada ku ce na hana ku sayen tikitin rangwame. Faɗuwar nairar nan da ta cuce ni, ita ce ta yi wa wasu rana: wanda ya saya a Nuwamba da ranar da ta dace ya ci riba biyu. Garaɓasar gaskiya ce, kuma tana zagayowa, galibi a ƙarshen Nuwamba da farkon Janairu, don haka agogon da ke ƙirga muku sa'o'i a shafinsu kada ya tayar muku da hankali. Abin tambaya shi ne, ranar tafiyar a hannunku take ko a hannun wani? In ofishin jakadanci ne zai yanke, ko makaranta ba ta turo takardar gurbi ba, ko ba a sa ranar bikin ba, to ku riƙe kuɗinku.

In kuma rana ta tabbata, ku buɗe sharuɗan nan masu ƙananan rubutu kafin ku biya. Ku ga jaka nawa aka yarje, domin ɗan kasuwar da aka bai wa jaka ɗaya mai kilo 23 zai amayar da rangwamen a wajen awo ranar dawowa. Ku ga inda za a yada zango. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar wucewa a filayen jiragen Turai da dama ko da ba zai fita gari ba. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Suna kuma a kwafe shi daga fasfo harafi da harafi, don mu masu Muhammad da Mohammed da Muhammadu mun fi kowa shan wannan wahala. Masu niyyar umara su tuna azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, kuma da wuya ka ga rangwame ya haɗa da goman ƙarshe.

Wani abu da ban sani ba sai da ejan ya gaya mini: in ka fasa tafiya, ka soke kafin jirgi ya tashi. In ka yi shiru ka ƙi zuwa, za a rubuta ba ka bayyana ba, sauran zangon duk su mutu, har da na dawowa. Kuma ko tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, akan iya neman wani ɓangare na harajin da ba a yi amfani da shi ba. Haka na yi. Na soke, na sayi sabo a cikakken farashi, na tafi a ƙarshen Afrilu jirgi ɗaya da maƙwabcin nawa, wanda bai ce mini komai ba har muka sauka. Kuɗin harajin ya shigo bayan makonni, na cika na biya kuɗin dakon dila biyu daga Legas.