Wata na 17 a Ingila: tagar da bakina ya matsar

'Yan uwa masu bin wannan hanya ta zama akitek, wato mai zanen gine-gine, barkanmu da ƙoƙari. Rabona da in ba ku labarin inda na kai tun kafin azumi, to yau dai na zauna. Na cika wata 17 cikin 24 na aikin ofis da ake nema kafin jarrabawar ƙarshe, wadda a Birtaniya ake kira mataki na 3. Saura wata 7, in Allah ya kai mu.

Ga sababbin cikinmu, a ƙasar nan sunan akitek ba na kowa ba ne. Dokar 1997 ta killace shi, sai wanda ke cikin rajistar ARB, hukumar da ke yi wa akitek rajista, zai yi sana'a da shi, wanda ya ɗauka babu rajista kotu na iya cin sa tara. Zanen gini kam kowa na iya yi, sunan ne aka hana. Shi ya sa har yau mataimaki ne a katina, alhali tun ranar da na gama digiri a Zariya ƙannena ke kirana Akitek. Mataki na 1 karatun jami'a ne na shekara 3, na 2 shi ma karatu ne na shekara 2, ga wata 24 na aiki, shekara 7 ke nan in ba a yi tuntuɓe ba. A nan na yi mataki na 2, amma digirin gida ba ya cikin waɗanda ARB ke karɓa kai tsaye, sai da na haɗa kundin ayyukana na shiga jarrabawarta ta cike gurbin mataki na 1. Mai shirin tahowa ya adana kowane zanensa tun daga aji ɗaya, har na fensir. Ni wasu a ƙarƙashin gado aka tono mini su.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikin da na zaɓa zan rubuta rahoton jarrabawa a kansa ƙarami ne: ƙarin ɗakin girki a bayan wani tsohon gidan jan bulo, irin jerin gidajen nan da bango ɗaya ke raba mutum da maƙwabcinsa. An ƙulla shi a kan kwantiragin JCT na ƙananan ayyuka, wato shiryayyar yarjejeniyar gini da ake amfani da ita a nan. Ogana ne mai kula da kwantiragin, ni kuma duk Talata nake zuwa wurin aiki in duba in kawo rahoto. Wata Talata birkila ya kira ni gefe, ya ce in aka matsar da tagar da rabin bulo, kusan santimita 11, zai huta da yanke-yanke kuma jerin bulon zai fita tsaf. Na duba, wallahi gaskiyarsa. Na ce masa ba damuwa, na ci gaba da ɗaukar hotuna.

Bayan mako 3 aka kawo kabad-kabad ɗin girki, waɗanda aka yanka tun tuni bisa awon zane. Dogon cikinsu ya hau kan firam ɗin taga. Matar gidan ta kira ofis. Ɗan kwangila ya ce ai ofishinku ne ya ba da izini. Ogana bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Tambaya uku ya yi mini: wa ya ba da umarnin, da wane iko, kuma ina takardar. Ban da amsar ko ɗaya da za ta fitar da ni. A wannan kwantiragin, umarnin canji daga mai kula da shi kaɗai yake fitowa, wanda aka faɗa da baki kuma dole a bi shi da rubutu. Ni ba ni ne shi ba, kuma ban rubuta komai ba. Ofis ya biya kuɗin sake yanka kabad ɗin. Magana zarar bunu ce, tawa da ta fita bulo ne ya biyo bayanta.

Na daɗe ina juya abin. Na tashi ina kallon yadda mahaifina ya gina gidanmu, shi da magini su tsaya a bakin harsashi, a nuna da sanda, a ce nan, shi ke nan an gama. Ba na raina wannan, gidan yana nan daram. Amma can mutum biyu ne da suka san juna shekara da shekaru. A nan akwai mai gida, da ɗan kwangila, da masu duba gini, da kamfanin inshora da ke bayan ofishinmu, kowa cikinsu takarda yake bi. Sai yanzu na gane dalilin da ya sa mataki na 3 kusan ba ya tambayar iya zane. Wannan an ɗauka ka wuce wurin. Abin da ake son gani shi ne ko ka san nauyin da ke wuyanka da iyakar inda bakinka zai kai. Yanzu duk wanda ya tare ni a wurin aiki, amsata ɗaya ce: bari in koma ofis, za ka ga saƙo kafin yamma. Birkilan har dariya yake mini. Na sa labarin a rahoton yadda ya faru, don malamar da ke duba ni ta ce masu jarrabawa sun fi yarda da wanda ya san inda ya zame.

Sauran ci gaba a taƙaice. Bangon nan mai ruɓi biyu da tazara a tsakiya ya fara zama mini jiki. Mun saba zana gini don korar zafi, a nan riƙe ɗumi ake yi ana korar ruwa, har tagar kudu ake nema saboda rana. Zanena na farko ya dawo da jan biro saboda na manta shimfiɗar da ke tare ruwa a saman linta da 'yan ƙofofin da yake tsiyayowa waje. Wannan karon ko ɗigo ba a sa mini ba. Na kuma rubuta sanarwar maƙwabci da kaina bisa dokar bangon tsakani ta 1996: wata 2 kafin a taɓa bangon, wata 1 kafin haƙa kusa da harsashinsa.

Inda nake baya shi ne PEDR, rajistar aikin da ake cikewa duk wata 3, oga da malama su sa hannu. Na bari zango biyu suka taru, na kwana ina bin tsofaffin saƙonni don in tuna a wane cikin matakan aikin gini, daga 0 zuwa 7, da ƙungiyar akitek ta RIBA ta tsara na kashe awowina. Da na jera su sai na ga kusan duka a mataki na 3 da na 4 na wannan tsarin suke, wato zane, na wurin gini kaɗan ne. Na roƙi a ƙara mini rana, an ba ni Alhamis.

Karatun dare yanzu dokar kiyaye lafiyar gine-gine ta 2022 ce, wadda ta biyo bayan gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yunin 2017, inda mutum 72 suka rasu. Tana da nauyi, shafi biyar nake iya yi kafin barci ya kwashe ni. Duk wanda ya riga ya wuce wannan ɓangaren a cikinku, don Allah ya faɗa mini ta ina ya kama shi. Talata mai zuwa za mu zagaya aikin mu rubuta gyare-gyaren da suka rage kafin a miƙa wa matar makulli.