Daga ganuwar Termini zuwa kufan Veyi

Ina fitowa daga tashar jirgin ƙasa ta Termini a birnin Rum, sai ga guntun wata tsohuwar ganuwa a gabana, manyan tubalan dutse masu ruwan ƙasa, tattabaru na shawagi a kai. Mai masaukina, wani dattijo tsohon malamin makaranta, ya ce mini: "Duwatsun nan ba na Rum ba ne. In kana son ganin masu su, tafi Veyi."

Washegari na hau jirgi zuwa La Storta, na kama bas zuwa ƙauyen Isola Farnese, sauran kuma a ƙafa. Kilomita 16 kacal ne daga Rum. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan: garin da ya hana Rumawa barci shekara da shekaru, mai ƙarfin ƙafa zai fita da asuba ya iso shi kafin azahar.

Yanzu ba kowa. Gonaki ne, sai ƙorama tana zubowa kusa da wani tsohon gidan niƙa, sai harsashin haikalin Portonaccio. Takalmina ya sha taɓo har ya gode Allah.

Veyi tsohon birni ne mai arziki na Etruskawa, wata al'umma maƙwabciyar Rumawa, suna takara da Rum kan kogin Taiba da gishirin bakinsa. Bisa riwayar Rumawa, shekara 10 suka yi suna kewaye da shi, kafin Kamilus, jagoran sojan Rum, ya sa a haƙa rami ta ƙarƙashin ƙasa, gari ya faɗi a 396 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ni dai ba ramin ne ya fi jan hankalina ba. Da can sojan Rum manomi ne, ya yi yaƙi ya koma gida kafin hunturu. A wannan yaƙin ne aka ce an fara biyan sa albashi don ya zauna a sansani. Bayan nasara kuma aka raba wa Rumawa gonakin Veyi.

Ba a jima ba mayaƙan Gol, wasu ƙabilu daga arewa, suka afka wa Rum suka washe ta. Daga nan ne, wajen 378 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka kama ginin ganuwar nan, da dutsen da aka saro a ƙasar Veyi.

Da yamma na komo Termini, na tsaya ina kallon tubalan, taɓon Veyi bai gama bushewa a takalmina ba.