Daren da fukar ƙanena ta tashi

Ƙurar hunturun bana ta tayar wa ƙanena ciwon fuka a nan Maradi. Cikin dare ya shaƙi maganin fuka, Ventoline, har ya gaji, ƙirjinsa na ta kuka kamar usur. Can sai kukan ya ɗauke, ya ce kansa na sara, ya fara gyangyaɗi, magana ba kan gado. Inna ta ce, "Alhamdulillahi, ku bar shi ya samu barci." Allah Ya kawo maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya ce. Tana ganin laɓɓansa sun yi duhu ta ce maza a nemo mota.

A asibiti likita ya yi mana bayani. In hanyoyin numfashi suka tsuke sosai, iskar kabon da ya kamata a fitar sai ta taru cikin jini. Ita ke buɗe jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, jini ya cika ƙoƙon kai, har ƙwaƙwalwar ta iya kumbura. Ashe gyangyaɗin nan alamar taruwar iskar kabon ce. Wallahi in na tuna, har yanzu jikina rawa yake.

An sa masa oksijin, an yi masa allurai, ya farfaɗo. 'Yan uwa, ku sa shi cikin addu'a.