Fitilar da Ta Ƙi Kamawa

Yau Laraba ce, ranar 'yan aji biyu a ɗakin gwaji, kuma na shiga da farin ciki domin yau ne suka ajiye Scratch, manhajar da yara ke koyon rubuta shirin kwamfuta da ita, suka fara taɓa waya da hannunsu. Aikin ba shi da yawa. Kowane rukuni ya sami allon Arduino Uno, wato 'yar ƙaramar kwamfuta mai bin umarnin da aka rubuta mata, da ƙaramar fitilar LED, da resista (mai rage ƙarfin wuta) mai ohm 220, da allon nan mai ramuka da ake soka waya a jikinsa, sai su rubuta umarnin da zai kunna fitilar, ya jira, ya kashe ta, ya sake jira. 'Yan kusa da taga ne suka fara dacewa. Da suka gane cewa 1000 ɗin da ke cikin umarnin jira daƙiƙa ɗaya yake nufi, sai suka yi ta rage shi har ya koma 5, fitilar kuwa ta tsaya cak kamar ba ta ƙiftawa. Suka kira ni wai ta lalace. Na ce su ɗaga allon su kaɗa shi a kusurwar da ba haske, nan take suka ga ɗigo-ɗigon haske a jere, suka gane cewa tana kamawa tana mutuwa sau 100 a daƙiƙa guda, ido ne ba ya iya bin ta. Gani ya kori ji, ihunsu ya cika ɗakin.

Wani abu daban ne ya hana ni sukuni har zuwa daren nan. Wata yarinya ta layin baya, wadda ba ta cika magana ba, tata fitilar ta ƙi kamawa. Ina tsaye daga nesa ina kallonta. Sai na ga ta zuba ido a kan 'yar fitilar da ke jikin allon Arduino, mai alamar L, wadda take haɗe da rami na 13, ramin da suka yi amfani da shi. Ita wannan tana ƙiftawa daidai. Na ji ta ce wa abokiyar aikinta, “Tunda waccan tana yi, umarninmu ba shi da laifi, matsalar tana wajen waya.” Ba wanda ya koya mata wannan. Da kanta ta raba matsalar gida biyu, ta wanke ɗaya, ta fara bin ɗayan da yatsa daga rami zuwa resista. Saura ƙiris ta isa ga ƙafafun fitilar, ta lura cewa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ta tambayi kanta dalili.

Daidai lokacin malamin fiziks ya shigo ɗaukar wani abu, ya hango su, ya zare fitilar, ya juya ta, ya mayar. Ta kama. Ya ce, “Ƙafar kuka juya,” ya fita yana murmushi. Yarinyar ta ce, “Mun gode, Malam,” ta ɗora hannuwanta a cinya, ba ta sake taɓa allon ba har aka tashi.

Na same shi a ofishin malamai bayan an tashi, na yi masa maganar cikin ladabi. Ya ce, “Haba Malama, lokaci yana tafiya, yarinya tana shan wahala a kan abin da ba zai ɗauki daƙiƙa biyu ba, kuma a jarrabawa ba wanda zai ba ta waya, biro za a ba ta.” Na san da zuciya ɗaya ya yi, kuma maganarsa ta jarrabawa gaskiya ce. Na ce masa yarinyar tana iya haddace cewa LED hanya ɗaya take barin wuta ta bi, doguwar ƙafa wajen ramin allon da wutar take fitowa, gajeriyar wajen GND, inda wutar take komawa, ta rubuta ta ci maki. Amma abin da take yi kafin ya shigo, wato ware inda kuskure yake da inda ba ya nan, shi ne ainihin aikin mai rubuta shirin kwamfuta, kuma ba a samunsa da hadda. Ya girgiza kai ya ce na cika ɗaukar ƙaramin abu da zafi.

Tun da na dawo nake tunanin Seymour Papert, masanin lissafi da ilimin yara, wanda shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro harshen kwamfuta na Logo a 1967 domin yara. Abin da ya dage a kai shi ne yaro ya saba da kallon kuskure a matsayin abin da ake nema a gyara, ya daina jin tsoronsa. Shi kansa Arduino an fara shi ne a 2005 a garin Ivrea na Italiya domin ɗaliban zane da ƙira waɗanda ba injiniyoyi ba, don su gwada, su ɓata, su sake. Idan babba zai riƙa miƙa hannu duk lokacin da fitila ta ƙi kamawa, yaran za su koyi cewa gyara aikin malam ne, kuma masu shiru-shiru irin wannan yarinya su ne za su fi saurin yarda da haka. Wannan ne ya fi ci mini rai.



Mako mai zuwa zan ba kowane rukuni haɗin da na ɓata da gangan: wani an soka wayarsa a ramin da ba nasa ba, wani an cire masa wayar GND, wani kuma kuskuren yana cikin umarni. Zan roƙi Malam ya zauna tare da mu ya kalla ba tare da ya sa hannu ba. Har yanzu ina neman yadda zan faɗa masa ba tare da ya ji na raina taimakonsa ba, tunda ɗakin gwajin a hannunsa yake, kuma ya girme ni a aikin nan nesa ba kusa ba.