Ɓeran hamada ya tsaya a karo na huɗu

Jama'a, ɓeran da nake ginawa da yumɓu ya tsaya! Da asubar nan na zare akwatunan ashanan da na tokare shi da su jiya, na koma gefe ina kallo. Har bencin na girgiza da gangan, bai ko motsa ba. Wannan shi ne na huɗu. Ukun farko suna cikin tsohon kwano a bayan ɗaki, biyu guragu, ɗaya ba kunne.

Ɓeran nan mai tsalle nake ginawa, wanda Larabawa ke kira yarbu'u, mazaunin Sahara daga Nijar har Masar. Jikinsa kamar santimita 10 ne, wutsiyar ta fi jikin tsawo. Ƙafafun baya kuwa sun ninka na gaba kusan sau huɗu, yatsu uku kacal, kuma ƙasusuwan tafin sun haɗe sun zama ƙashi ɗaya siriri kamar tsinken tsire. Allah ya yi masa su don gudu a kan rairayi, ni kuma na ce sai na yi su da yumɓun Bomo, wani ƙauye kusa da Zariya.

Na farko da zallar yumɓu na yi ƙafafun. Hunturu ya busar da su kafin jikin ya sha iska, washegari na tarar sun ɓalle daga cinya. A na biyu na yi dabara, a ganina, na sa waya a ciki. To yumɓu yana tsukewa in yana bushewa, waya kuwa ba ruwanta, sai ya tsage daga sama har ƙasa tun bai ga wuta ba. Na uku na ƙara wa ƙafafun kauri don haushi. Ya fito daga gashi lafiya lau, amma kwaɗo sak, kuma ina dire shi ya kifa da fuska, kunne ya tafi. Kwana biyu ban taɓa yumɓu ba.

Wata tsohuwa maginar tukwane na kai wa gawarwakin. Ta juya su, ta yi dariya, ta ce, "Ɗan nan, ka taɓa ganin tukunya da ƙafar sauro?" Na ce, "Inna, to yaya zan yi?" Ta ce in ƙara dakakken tsingaro a kwaɓin, in kife tukunya a kan aikin ya bushe a hankali, ƙafafun kuma in nema musu wani abin, ba ƙasa ba.

Haka na yi. Jiki da cinyoyi kawai na gasa, na bar ramuka uku, na ɗan faɗaɗa su saboda tsukewa. Ƙafafun da wayar tayar keke na lanƙwasa su, na kwaɓa gam mai bututu biyu da garin gasasshen yumɓu na lulluɓe. Naira 3,500 na saye shi a kasuwar Sabon Gari, kuma rabi ya daskare a murfin gwangwani ina can ina gyara yatsa ɗaya. Ku kwaɓa kaɗan-kaɗan, don Allah.

Ramin na uku na wutsiya ne, kuma nan ne abin ya warware. Na yi ta maimaita wani bidiyo, sai na lura in ɓeran ya tsaya hutawa, wutsiyar yake dogarawa a ƙasa. Ni kuwa duk ukun farko a sama na ɗaga ta don ado. Da na sauke ta, sai ya zauna daram kamar tukunya a kan duwatsun murhu.

Launi bai yi ba tukuna. Na gwada makuba a kan gurgu na biyu, ta yi duhu da yawa, ɓeran kuwa ruwan rairayi ne, cikinsa fari. Ga kuma tukkun wutsiya, baƙi sannan fari a ƙarshe. Wani majemi ya ba ni gashin akuya, amma gam yana cukurkuɗa shi. Wanda ya taɓa dasa gashi a kan waya ba tare da ya dunƙule ba, ya faɗa mini yadda ya yi kafin in buɗe sauran gam ɗin.