Daren da famfon banɗaki ya tona min asiri

Wallahi da ni ko ƙusa ban iya bugawa ba, komai ya lalace a gida sai dai in kira mai gyara, har sai da wani dare wajen ƙarfe 11 kan famfon banɗakinmu ya ƙwace, ruwa na ta tsiri har ya fara shigowa falo, uwargida na ta "Baban Ummi yi wani abu mana!" ni kuma ga ni tsaye da wuƙar kicin wai da ita zan ɗaure. Fulamba bai ɗaga waya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Dole na je na buga wa maƙwabcina ƙofa, dattijo ne, ya fito da tocila da sifana ajastabul, ya fara rufe ruwan daga tanki (abin da ko a raina bai zo ba), ya naɗa farin tef ɗin nan na famfo a bakin bututun ya mayar da kan ya ɗaure, ko minti goma ba a yi ba. Zai fita ya ce "Malam, magidanci guda ba ko filaya?" Na ce "A yi haƙuri Baba." Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa, nan ma na sake tafka wata wautar, na sayi saitin nan na araha mai ƙyalli a cikin ƴar jaka, kaya rututu. Farkon amfani sukundireban sita ya cinye kan sukurun soket shi ma bakinsa ya murje, guduma kuwa kanta ya fita ya kusa fasa min tayil. Araha dai ba ta ado. Sai na koma ina saye ɗaya-ɗaya duk wata, mai nauyi a hannu ko da gwanjo ne: guduma mai cire ƙusa, filaya, sukundireba sita da filat, ajastabul, sifana lamba 10 da 13, tef na awo, ƙaramin zarton ƙarfe, sai sifanar fulogin janareto don rabin rigimar ƙaramin jan nan fulogi ne ya yi baƙi, ka kwance ka goge ya tashi.

Amma wanda na fi ji da shi tasta ne, ɗan sukundireban nan mai ƴar fitila da ke kamawa in akwai wuta, ga shi ya fi komai araha. Wutar gida bolt 230 ce, ba ta san wasa ba, kuma kar ka ce ai an ɗauke, tana iya dawowa hannunka na kan waya. Ni yanzu sai na kashe daga babban makunni, in gwada tastan a soket mai aiki tun kafin nan don in tabbatar lafiyarsa ƙalau. Ina ajiye baƙin salatif da fiyus mai amf 13 guda biyu-uku, ketil ɗinmu da muka kusa yarwa ashe fiyus ne kawai. Abin da ya shafi mita ko wayar cikin bango kuwa ba ruwana, na masu shi ne.

Kayan duka suna cikin tsohon bokitin fenti a saman wadirof saboda yara, sun taɓa haƙa rami da filat ɗina. Matsalata yanzu ƴan aro, gudumata tun babbar sallah tana gidan wani, kullum muka haɗu a masallaci sai ya ce anjima yaro zai kawo.