Kafin ka ɗauko karen riƙo, ka ji yadda muka ƙare da Guguwa

Ranar Lahadi ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni, bai ko gama zama ba ya miƙo mini waya. "Kawu, dubi wannan." Hoton wani matashin kare ne, ja, mai dogayen ƙafafu, ciki a ɗame. Wai a bakin kasuwar Katako ta Yamai aka tsinto shi, wata mata tana riƙonsa a gidanta kafin a samu mai ɗauka. An rubuta da Faransanci cewa wata takwas gare shi, yana da kuzari, yana son wasa. Kuzari! Da wannan kalmar aka kama ni ni ma.

Lokacin ina sabon aure, muna haya a Yantala, gida mai ɗan tsakar gida da bishiyar dogon yaro guda. Ɓarayi sun haura mana sau biyu, don haka kada wani ya ce sha'awa ce kawai ta kai ni. Wata Baturiya ce ke riƙon karen da na ɗauko. Ta zaunar da ni ta yi ta tambaya kamar mai ba da 'ya: awa nawa nake yi a gida, tsawon katangarmu, ko maiɗakina ta yarda. Na ce ta yarda. Ko faɗa mata ban yi ba. Matar ta ce in gwada mako biyu, in abin bai yi ba in mayar, babu kunya a ciki. Ta haɗa ni da katin rigakafinsa da wani tsohon bargo da yake kwana a kai. Bargon na jefar da shi a hanya, don wari.

Ni ɗan Tawa ne, ya kamata tun kallon farko in gane jinin karen Azawak a jikinsa, irin wanda Buzaye ke farautar zomo da barewa da shi, wanda aka halitta don gudu a fili. Amma na ga haƙarƙari a waje na ce yunwa ce, alhali haka ƙirarsu take. Na dinga ɗura masa tuwo da ragowar shinkafa, na fita aiki tun bakwai na safe sai magariba, na bar shi da mace mai tsoronsa. Cikin kwana goma ya cinye takalmana biyu, ya tone yakuwar da ta shuka, ya tsinke wayar babur, ya yaga katifar baƙi har soso ya cika tsakar gida. Ita ce ta sa masa Guguwa. Rannan ya tsallake katanga ya kashe zabbin maƙwabcinmu uku, na biya jikka goma sha biyu, aka kuma bi ni da wa'azin cewa mala'iku ba sa shiga gida mai kare.

Mako biyun suka wuce ban mayar da shi ba. Girman kai ne, ban so a ce na kasa. Sai na sayo sarƙa.

Nan ne abin da har yau ba na son tunawa. Na ɗaure shi a gindin dogon yaro wajen wata bakwai, har da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Ya yi ta zagaye bishiyar har ƙafarsa ta fitar da hanya a ƙasa, gashin wuyansa ya goge, kaska ta cika masa kunne. Karen da ke tarbata da tsalle ya koma yana gurnani. To amma me zan yi? Aiki nake, matata na da ciki, maƙwabci na jira in ƙara kuskure. Duk wanda ke wurina da haka zai yi. Ko kuwa a'a, da yawa za su tashi da asuba su zagaya da shi, ni barci na zaɓa.

Ƙarshenta wani almajiri ya matso ɗaukar kwano, Guguwa ya kama shi a ƙwauri. Na nemi kati na rasa, kuma lokacin sabunta allurar ya riga ya wuce ban kula ba. Ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Aka wanke ciwon da ruwa da sabulu minti 15, muka tafi asibiti aka fara wa yaro allurai, likitan dabbobi ya ce a sa wa karen ido kwana 10. Allah ya rufa asiri, lafiyarsa lau. Bayan nan na ba wani makiyayi da ke komawa wajen Abalak. An ce da aka sauke shi ya ruga da gudu har ya ɓace, sai yamma ya dawo.

Na yi niyyar jera wa ɗan ƙanwar tawa shawarwari da yawa, da na buɗe baki kaɗan suka fito. In ba za ka fita da shi safe da yamma ya yi gudu har ya gaji ba, kullum, ko kana azumi, kada ka ɗauko. Ka tambayi mutanen gida tukuna, su za su wuni da shi. Kati ka ajiye shi tare da takardar haihuwarka. Kada ka ɗaure shi. To, in baƙi ko yara sun shigo, ka ɗaure mana, ai ba hauka ake ba. Kuma ka karɓi bargon.

Amma yaran yanzu wa ke saurare? Mutumin da sallar asuba ke kuɓuce masa, wanda sayen burodi a bakin layi sai ya hau babur, shi ne zai yi tsere da karen Azawak? Hoto yake so ya sa a WhatsApp. Na ce ya haƙura. Can kuma na tuna in bai ɗauka ba ƙila wani irina ne zai ɗauka, sai na ce ya je ya gwada mako biyun, amma ya faɗa wa matar gaskiya.

Ya ce, "Kawu, ai na riga na sayi igiyar wuya." Na ce ranar Asabar ya biyo ta nan mu tafi tare, ina so in ga haƙarƙarin da idona.